Malam Chang Da Zomayensa

Duk sa'ad da aka ce a rubuto tarihin wani shahararren mutum domin wannan mujalla tamu, hankalinmu yakan tafi ne ga sarakuna da mayaƙa da shugabannin siyasa. Ni kuwa a bana na ga ya dace in kawo muku labarin wani mutumin ƙasar Sin wanda bai taɓa riƙe sarauta ba, bai kuma taɓa jan runduna ba. Sunansa Min Chueh Chang, aikin da ya yi suna a kansa kuwa a jikin zomo ya yi shi, wannan dai zomon da yara suke kiwo a bayan ɗaki a nan Ƙaraye da Rogo, suna ba shi dusa da harawa.

Ga dalilin da ya sa na zaɓe shi. Da wuya a sami unguwa a garuruwanmu wadda babu gidan da wata baiwar Allah ta shekara biyar ko goma a ɗakin miji ba ta ga ɗan kanta ba. Mun san irin gorin da take sha wurin kishiya da dangin miji, mun san dukiyar da ake zubarwa wurin neman magani, mun kuma san auren da yakan mutu saboda haka. To, babban taimakon da likitocin duniya suke iya yi wa irin waɗannan ma'aurata a yau, idan aka bi salsalarsa, sai an biya ta kejin zomayen Malam Chang.

An haifi Chang ran 10 ga Oktoba, 1908, a wani ƙauye mai suna Dunhou cikin lardin Shanxi, a arewacin ƙasar Sin. Lardin nan ƙasa ce ta tuddai da duwatsu, kuma manomanta suna noma gero da dawa kamar yadda muke yi. Mahaifinsa mutum ne mai ilmi, alƙali ne a hukumar wancan zamani, saboda haka ya tsaya tsayin daka yaron ya yi karatu. Chang ya shiga Jami'ar Tsinghua da ke birnin Bejin, ya gama a 1933, inda ya karanta ilmin halayyar dabbobi. Da ya gama sai jami'ar ta riƙe shi yana koyarwa.

A 1937 yaƙi ya ɓarke tsakanin Sin da Japan, al'amuran jami'o'i suka dagule. Shekara guda bayan haka, watau 1938, aka yi jarrabawa ta ƙasa baki ɗaya domin zaɓen 'yan kaɗan da za a tura karatu Turai, Chang ya ci. Ya fara zuwa Jami'ar Edinbara ya yi shekara ɗaya yana karanta ilmin aikin gona. Daga nan ya koma Jami'ar Kambirij a Ingila, ya zauna a ƙarƙashin wasu manyan malaman kiwo guda biyu, Arthur Walton da John Hammond. Aikin da aka ba shi shi ne nazarin maniyyin rago: yadda sanyi yake lalata shi, da yadda za a adana shi domin rago ɗaya mai kyawun iri ya wadatar da tumaki masu yawa. A kan wannan ya sami digirinsa na dakta a 1941. A lokacin nan Yaƙin Duniya na Biyu ya rufe hanyoyi, ba halin komawa gida.

A watan Maris na 1945 ya haye zuwa Amurka, ya sauka a wata cibiyar binciken kimiyya da ake kira Worcester Foundation, a garin Shrewsbury cikin jihar Masacusets. Niyyarsa ya yi shekara ɗaya wurin wani masani mai suna Gregory Pincus, ya koyi yadda ake haɗa ƙwan mace da maniyyi a wajen jiki. Ashe can zai ƙare rayuwarsa.

Kafin in faɗi abin da ya gano, ya kamata mu fara sanin yadda ciki yake shiga a jikin zomanya, domin sai an san wannan za a gane darajar aikinsa. Zomanya tana da gidan ƙwai guda biyu a cikinta, ɗaya dama ɗaya hagu. Daga kowanne akwai wani siririn bututu da ya gangara zuwa mahaifa. Ƙwan nan ba irin na kaza ba ne, ƙanƙane ne ƙwarai, bai kai ɗigon da bakin allura yake yi a takarda ba, sai da madubin likita ake ganinsa sosai. Akuya da tunkiya da saniya suna sakin ƙwai ne idan lokacinsu ya zagayo, ko an yi barbara ko ba a yi ba. Zomanya kuwa daban take, barbarar ce take sa ta saki ƙwai, kuma sai bayan kimanin awa 10. Wani Baturen Ingila mai suna Walter Heape ne ya bayyana wannan a 1905. Wannan hali ya sa masu bincike suke son zomo, domin mutum yana iya duba agogo ya san sa'ar da ƙwai ya fito.

Idan ƙwai ya fito sai ya faɗa cikin bututun nan, a can ne ƙwayar maniyyi guda ɗaya tak take huda shi ta shige. Bayan kamar kwana ɗaya da barbara sai ƙwan ya rabu gida biyu, biyun su zama huɗu, huɗun su zama takwas, haka har ya zama wani ɗan dunƙule. Yana wannan rabuwa yana gangarawa a hankali, bututun kuma yana lulluɓe shi da wani abu mai yauƙi da yake kare shi. Wajen kwana 3 zuwa 4 ya isa mahaifa, ya zama kamar 'yar ƙaramar ƙwallo mai ruwa a ciki. A wajen kwana na 7 ne yake manne wa jikin mahaifa ya fara samun abinci daga uwa. Daga nan sai gaɓoɓi su fara fita, har a kwana na 31, ko kusa da haka, zomanya ta tsige gashin ƙirjinta ta yi sheƙa ta haihu. Ni kaina ina kiwon zomaye a gida, kuma tun da na fara rubuta ranar barbara a bayan littafina na lissafi, ban taɓa ganin haihuwar ta kauce wa wannan ƙidaya da fiye da kwana ɗaya ko biyu ba.

Shi wannan Heape ya riga ya yi wani abin mamaki tun a 1890. Ya ciro ƙwai biyu da suka riga suka fara rabuwa daga cikin wata zomanya mai dogon farin gashi, irin da ake kira Angora, ya zuba su a bututun wata zomanya 'yar wani iri daban, wadda namijin irinta ya riga ya yi wa barbara. Da ta tashi haihuwa sai ta haifi 'ya'ya shida, huɗu irinta, biyu kuwa masu dogon farin gashi. Wannan shi ne karo na farko da aka dasa ɗan tayi daga wata uwa zuwa wata ya rayu. Amma a lura, ƙwan da Heape ya dasa a cikin jiki ya haɗu da maniyyi. Abin da ya gagari masana shekara da shekaru shi ne su haɗa su a waje. Pincus ya ce ya yi haka a 1934, amma sauran masana ba su gamsu ba, domin ya mai da ƙwan cikin zomanya da wuri, watakila da maniyyi manne a jikinsa, ta yiwu a ciki ne haɗuwar ta auku.

A nan ne Chang ya shigo. Shi mutum ne mai haƙurin zama gaban madubi yana ƙirga ƙwai ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta awa da minti. A 1947 ya nuna cewa ana iya ajiye ƙwan zomo da ya riga ya ɗauki iri a wuri mai sanyi na ɗan lokaci, sa'an nan a dasa shi ya zama ɗa lafiyayye. A 1952 shi da wani abokin aikinsa suka aika irin wannan ƙwai ta jirgin sama daga Amurka zuwa Kambirij, aka dasa a can, aka kuwa haifi zomaye.

A 1950 ya bayyana wani abu mai muhimmanci game da dashen. Ya gano cewa tilas kwanakin ɗan tayi su yi daidai da kwanakin mahaifar da za ta karɓe shi. Idan ɗan tayi ya kwana biyu, sai a nemi zomanyar da ita ma ta kwana kamar biyu da sakin ƙwai. Idan tazarar ta yi yawa sai ya lalace, ko da shi lafiyayye ne ita ma lafiyayya ce. Duk wanda ya taɓa taya mahaifinsa dashen albasa ko tumatir a lambunan rani na bakin madatsar ruwan Calawa ya san wannan magana. Komai kyawun iri, idan aka cire shi kafin ya isa dashe, ko aka kai shi fangalin da ba a jiƙa ba, asara za a yi.

Babban abin da ya gano ya zo a 1951. Har zuwa wannan lokaci kowa yana zaton da zarar maniyyi ya fita daga jikin namiji a shirye yake ya shiga ƙwai, tun da ana ganin ƙwayoyinsa suna iyo a ƙarƙashin madubi. Chang ya riƙa zuba maniyyi kai tsaye cikin bututun zomaye a lokatai daban-daban. Waɗanda aka zuba wa daidai lokacin fitar ƙwai, kusan duk ƙwansu bai ɗauka ba. Waɗanda aka zuba wa tun da sauran kamar awa 6 ko fiye, ƙwansu ya ɗauka. Da haka ya gane cewa ƙwayar maniyyi tana bukatar ta zauna wasu awoyi a jikin mace ta ƙosa, kamar mangwaron da aka tsinko ɗanye aka rufe shi ya nuna. A wannan shekarar kuma wani masani a ƙasar Ostireliya, Colin Austin, ya gano haka nan ba tare da sun haɗa baki ba. Ku duba hikimar halitta: awa 10 ɗin nan da zomanya take jinkirta sakin ƙwai, a cikinsu ne maniyyi yake samun damar ƙosawa. Masu gwaji na da kuwa suna ta zuba ɗanyen maniyyi a kan ƙwai suna mamakin rashin nasara.

Bayan wannan sai hanya ta buɗe. A 1954 wasu masana a Faransa, Charles Thibault da abokan aikinsa, suka ga alamun haɗuwar ƙwan zomo da maniyyi a wajen jiki. Amma hujjar da za ta kashe bakin masu gardama ita ce a ga ɗa mai rai, ita ce kuwa Chang ya kawo a 1959. Ya ɗebo maniyyin baƙin zomo wanda ya riga ya ƙosa a mahaifa, ya haɗa shi da ƙwan baƙar zomanya a cikin 'yar kwalba, ya jira har ya ga ƙwan ya rabu da idonsa. Sa'an nan ya dasa shi a cikin farar zomanya. Da kwanaki suka cika sai farar ta haifi baƙaƙen 'ya'ya. Launin gashin ya zama shaida da ba mai iya musunta ta. Daga baya matasan masana da suka zo koyo wurinsa, yawancinsu 'yan Japan, irin su Ryuzo Yanagimachi, suka yi nasarar haɗa ƙwai da maniyyi a waje a wasu dabbobi dangin ɓera.

Akwai wani ɓangare na aikinsa da tarihi ba zai cika ba sai an faɗe shi. Tun daga 1951 shi da Pincus suka riƙa gwada wani sinadari da jikin mace yake yi idan tana da ciki, mai suna furojestaron. Chang ya ga idan aka ba zomanya shi, ko an yi barbara ba ta sakin ƙwai. Daga wannan gwaji ne aka samo ƙwayar tazarar haihuwa, wadda hukumar Amurka ta amince da ita a 1960. Likitan da ya fara gwada ta a jikin mata, John Rock, shi da kansa likitan masu neman haihuwa ne, kuma yana ba su irin wannan sinadari domin jikinsu ya huta, wasunsu kuwa sukan sami ciki bayan sun daina sha. Mutane sun sha bamban a kan wannan ƙwaya har yau, kuma magana ce ta ma'aurata da likitansu da malamansu. Abin da ya shafe mu a nan shi ne ilmi ɗaya ne ya haifar da abubuwan biyu, watau sanin lokacin da ƙwai yake fita da abin da yake riƙe shi.

To, yaya aka yi daga zomo aka kai ga ɗan Adam? Wasu Turawan Ingila biyu, Robert Edwards masanin kimiyya da Patrick Steptoe likitan mata, suka ɗora a kan wannan tushe. Bayan shekaru suna faɗi-tashi, ran 25 ga Yuli, 1978, aka haifi wata yarinya mai suna Louise Brown a garin Oldham, ita ce mutum na farko da aka haɗa ƙwansa a wajen jiki. Mahaifiyarta ta yi shekara 9 tana neman haihuwa, matsalarta kuwa toshewar bututun ƙwai. Likitoci suka ɗauko ƙwanta suka haɗa da maniyyin mijinta, bayan ya fara rabuwa suka mayar mata da shi mahaifa. Shekara 19 ke nan tsakanin baƙaƙen zomayen Chang da wannan jaririya. An ba Edwards lambar yabo ta Nobel a 2010, kuma yaran da aka haifa ta wannan hanya a duniya sun haura miliyan 10. A nan Nijeriya ma, a 1998 Dakta Ibrahim Wada ya yi nasarar wannan aiki a asibitin Nisa da ke Abuja.

Na san iyayenmu za su tambaya ko addini ya yarda da haka. A 1980 Muftin Masar na lokacin, Shehu Jadul Haƙƙi, ya ba da fatawa cewa ya halatta, da sharaɗin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, suna cikin igiyar aure, kuma a mahaifarta za a mayar da shi. Shigo da wani na uku bai halatta ba, saboda kiyaye nasaba. Ke nan abin da aka yi da farar zomanya gwaji ne na dabbobi, domin kafa hujja. Wanda abin ya shafa sai ya nemi ƙarin bayani wurin malamai.

Shi kuwa Chang ya ci gaba da aikinsa a Shrewsbury. A can Amurka ya auri Isabelle Chin, wadda iyayenta 'yan asalin Sin ne, suka haifi 'ya'ya uku. Ya rubuta takardun bincike kusan 350. An ba shi lambar yabo ta Lasker a 1954, sa'an nan a 1990 aka zaɓe shi cikin babbar majalisar masana kimiyya ta Amurka. Ya rasu ran 5 ga Yuni, 1991, yana da shekara 82, aka binne shi a Shrewsbury, garin da ya je da niyyar yin shekara ɗaya.

Abin da na ɗauka daga tarihin wannan mutum shi ne, samun ciki aiki ne mai matakai, kowane mataki da lokacinsa, kuma rabin aikin daga namiji yake. Ƙwai yana iya ƙin fita, bututu yana iya toshewa, mahaifa tana iya kasa riƙewa, haka kuma ƙwayoyin maniyyi suna iya yin kaɗan ko su rasa ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kimanin mutum 1 cikin 6 na baligai yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, kuma likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai hannun matsalar miji. Saboda haka ina roƙon iyayenmu maza, cikin ladabi, idan haihuwa ta yi jinkiri a gida, a tafi asibiti tare, a auna miji a auna mata, kafin a ɗora wa mace sunan juya. Awon namiji ma shi ya fi sauƙi da araha, da madubi kawai ake yinsa. Iyayenmu mata kuma su sani, a ƙasashenmu na Afirka toshewar bututu tana cikin manyan dalilan rashin haihuwa, kuma sau da yawa tana biyo bayan ciwon sanyi ne ko zazzaɓin da ya shiga bayan haihuwa ko ɓari aka yi sakaci da shi. Haɗa ƙwai a kwalba yana da tsada ƙwarai, kuma ba kowane gwaji ne yake kamawa ba. Maganin ciwo tun da wuri kuwa yana nan a asibitocinmu na kusa.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, masu iya magana sun ce zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. Kada ɗan Ƙaraye ko ɗan Rogo ya raina kansa don ya fito daga karkara, domin Chang ma ɗan ƙauye ne. Ga Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa nan a Shika kusa da Zariya, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ana binciken zomaye da barbarar shanu ta hanyar allura, kuma ba ta yi mana nisa ba. Wanda yake son wannan fanni yana iya farawa tun yau da zomayen gidansu. Ya kai macen kejin namiji, kada ya kai namijin nata, domin takan yi faɗa a kan wurinta. Ya rubuta ranar, ya sa mata akwatin haihuwa a kwana na 28, ya ƙirga 'ya'yan da ta haifa da waɗanda suka rayu, ya kuma lura da ranar da suka buɗe ido, wajen kwana 10 da haihuwa. Idan ya yi shekara yana wannan rubutu, zai san wace zomanya ce mai kyawun iri da wane namiji ne ya kamata a sayar, kuma ya fara koyon irin aikin da Malam Chang ya yi.

Allah ya ba masu nema 'ya'ya masu albarka, ya kuma ba mu ilmi mai amfani. Wassalam.